Yatsun Tursunoy Mai Bandiri

A unguwarmu ta bayan kasuwar Kokand, in aka yi biki aka wayi gari ba a ji muryar Tursunoy-opa ba, sai mutane su fara tambaya ko lafiya. Opa a wajenmu yaya ke nan, haka muke kiran macen da ta girme mu. Ita ce mai waƙar gaisuwar amarya. Da safe amarya za ta fito tsakar gida lulluɓe da farin mayafi, dangin miji sun jeru, Tursunoy-opa na gefe da bandirinta tana kiran su ɗaya bayan ɗaya cikin waƙa. Duk wanda ta ambata, amarya ta rusuna masa, shi kuma ya miƙa abin da ya zo da shi. Masu wannan sana'a suna da yawa a garin, amma ita ake rububi, saboda bakinta. Ba ta kiran sunan mutum haka kawai, sai ta haɗa masa da halinsa.

Ranar tawa gaisuwar, ina ƙarƙashin mayafi, sai na ji ta rera wa ƙanin surukina: "Mai zuwa tun ba a hura wuta ba, mai tafiya sai an kankare tukunya, a gaida Kawu Holmat!" Gida ya kwashe da dariya, har shi Kawun. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, na rusuna a karkace. Tun ranar take ce mini amarya, ga shi yau har jika gare ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, kuma katangar ba ta yi tsayin da za ta hana hira ba.

Gajeruwa ce mai jiki, da haƙoran zinariya a gaba, in ta yi dariya sai ka ga kamar an kunna fitila. Kiɗa a gindin kwanon wanki ta koye shi, wajen kakarta. Ta yi shekaru tana aiki a masaƙar safa, da masaƙar ta rufe sai ta ce dama ta gaji da ƙafafun mutane, ta rungumi bandiri gaba ɗaya. Mijinta Ergash-aka, wato Yaya Ergash, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai shiru-shiru, ba abin da ya dame shi sai salwarsa da yake kiwo cikin keji a ƙarƙashin rumfar inabi. Takan ce Allah ya raba musu magana ne, ya ba ta nata rabon da nasa.

Ciwon ya zo mata a hankali. Fatar bandiri sai an gasa ta a bakin wuta kafin ta ba da murya, to sai na lura duk safiyar biki tana daɗewa a bakin murhu fiye da da, ba fatar kaɗai take gasawa ba, har da hannayenta.

Na ce, "Opa, lafiya kuwa?"

Ta ce, "Amarya, yatsun nan sun zama ma'aikatan gwamnati. Ba sa fara aiki sai rana ta ɗaga."

Ba wasa ba ne. Da safe takan tashi hannayen a sandare, gaɓoɓin yatsu sun kumbura, dama da hagu iri ɗaya, sai hantsi ya yi sosai suke sakewa. Ga gajiya da ba ta san dalilinta ba. Ita kuma sana'arta ta safe ce. Haka ta yi ta lallaɓawa, ba ta gaya wa kowa ba, har ranar bikin ɗan mai gidan wanka. Tana tsakiyar yi wa kakar ango kirari, bandirin ya suɓuce daga hannunta, ya gangara tsakar gida zobban jikinsa na ƙara, ya je ya kwanta a gaban tsohuwar.

Kowa ya bi shi da kallo. Tursunoy-opa ta dube shi ta ce, "Kun gani? Har bandiri ya san girman Hajiya, ya je gaisuwa da kansa." Aka yi dariya, ta ƙarasa waƙar da baki kawai, mata na tafa mata. Amma da muka fito, a lungu, ta miƙo mini hannayenta ta ce in ɗaura mata ɗankwali, ba ta iyawa. Na ɗaura mata, muka wuce gida.

Daga nan unguwa ta zama asibiti. Kowa da nasa maganin. Wata ta ce sanyin ruwan wanki ne, a shafa kitsen jelar rago. Aka shafa, har karnukan layinmu suka riƙa raka ta kasuwa. Wata ta ce bakin mutane ne, aka yi hayaƙi. Da bazara aka kai ta wani ƙauye aka binne ta cikin yashi mai zafi har wuya, ta dawo tana cewa yanzu ta san abin da dankali ke ji. Na ƙarshe shi ne na Ergash-aka. Yana da aboki mai kiwon zuma, abokin ya rantse masa harbin ƙudan zuma na warkar da ciwon gaɓoɓi. Sai ga shi da kwalba cike da su.

Ta ce, "Baban yara, in ka gaji da ni ka faɗa kawai. Ba sai ka ɗauko haya ba."

Ya ce, "Uwar yara, miƙo hannun dai."

Ya buɗe kwalbar da niyyar ɗauko ɗaya da hantsaki. Suka fito duka. Ita ko ɗaya bai taɓa ta ba. Shi kuwa sai da ya kwana biyu ba ya gani da idon hagu. Ni daga bayan katanga nake jin ta tana tambayarsa, "Yaya gaɓoɓin? Sun yi sauƙi?"

'Yarta Sojida, wadda ke aure a Rishtan, ita ta kawo ƙarshen wannan wasa. Ta zo ta ga uwarta ba ta iya riƙe kofin shayi sai da hannu biyu, ta ce gobe sai Tashkent, babban birni, wajen likitar gaɓoɓi. Sojida na da jariri, saboda haka ni na raka ta. Muka shiga motar haya muka haura duwatsu, Tursunoy-opa na gaya wa direba tarihin duk wanda ta yi wa waƙa a danginsa.

Likitar wata siririyar mace ce mai tabarau, sunanta Zebo Rahimovna. Ta lallatsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannayen. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu.

Ta ce, "Opa, jikin kowa yana da masu gadi. Cikinsu akwai wasu ƙwayoyi a jini, muna ce musu ƙwayoyin B. Aikinsu su gane cuta in ta shigo, su yi mata alama, su kira sauran masu gadin su far mata. To naki wasu sun rikice. Gaɓoɓinki suke yi wa alama, suna zuga sauran a kansu. Alamar ce muka gani a jininki."

Tursunoy-opa ta ce, "Tsaya, 'yata. Kina nufin nawa ne ke ci na?"

"Naki ne."

"Ba sanyi ba? Ba bakin matar mai gidan wanka ba?"

"Ba ko ɗaya."

Ta dubi yatsunta. Can ta ce, "Na san irinsu. Kowane biki akwai su. Su ba sa dukan kowa, sai dai su raɗa wa wannan, su raɗa wa waccan, kafin a raba shinkafa an kaure. To su A ɗin fa, suna ina ake wannan ɗanyen aiki?"

Likita ta ce, "Babu A."

"Shi ya sa. Ba su da babba."

Zebo Rahimovna ta cire tabarau ta yi dariya, sannan ta gaya mata gaskiya. Ciwon ba a raba mutum da shi kwata-kwata, amma ana kwantar da shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon abin da za a ceto. Yatsu biyu na hannun dama sun riga sun fara karkacewa, waɗannan ba za su miƙe ba. Ta rubuta mata ƙwaya mai suna metotreksat, sau ɗaya a mako, da gwajin jini lokaci-lokaci.

Ƙwayar ta yi aiki da farko. Tursunoy-opa ta koma biki, duk da ranar shan maganin takan wuni tana tashin zuciya, tana zagin ƙwayoyin B da iyayensu. Bayan shekara da wani abu ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har da gwiwoyi da kafaɗu. Aka ƙara mata wasu magungunan, suka ɗan taɓa suka bari. Wannan hunturu bai yi mana daɗi ba. Ta daina karɓar gayyata. Wata yarinya mai amsa-kuwwa da waƙoƙi a waya ta kama bukukuwan unguwa, tana kiran dangin ango da sunayensu tsurarsu kamar ana kiran marasa lafiya a layin asibiti. Bandirin yana rataye a bango, Ergash-aka na goge masa ƙura. Shi ke taje mata kai. Ta ce mini bai iya ba, yana yi kamar mai sharar dusar ƙanƙara, amma ta ƙyale shi.

Da muka koma Tashkent, likita ta ce lokaci ya yi da za a bi masu zugar kai tsaye. Akwai magani, rituksimab, ta ƙarin ruwa ake ba da shi.

Ta ce, "Wannan ba maganin zafi ba ne, opa. Ƙwayoyin B yake bi, ya share su daga jini."

"Duka? Da mai laifi da marar laifi?"

"Ba ya iya bambancewa. Amma iyayensu da ke cikin ɓargo ba ya taɓa su, bayan wasu watanni za su haifo sababbi. Tsofaffin da suka riga suka zauna suna riƙe da rigakafin da aka yi miki tun kina yarinya, su ma yawanci yana ƙyale su."

"Sababbin za su yi hankali?"

"Wani lokaci sukan daɗe da hankalinsu. Wani lokaci su ɗauko halin na da, sai mu sake."

Tursunoy-opa ta dube ni ta ce, "Kin ji, amarya? Tarbiyya ba ta ƙarewa."

Kafin a fara sai da aka gwada ta ko tana da ciwon hanta, aka duba ƙirjinta, aka yi mata alluran rigakafin da suka kamata, domin bayan maganin jiki ba ya karɓar rigakafi sosai. Likita ta kuma ja mata kunne: masu gadinta za su ragu, ta guji mai tari da mai mura, in ta ji zazzaɓi kar ta tsaya shafa kitse.

Ranar ƙarin ruwan wuni guda muka yi. Ɗaki ne mai gadaje jere, kowa da ledarsa a rataye tana ɗiga a hankali. Akwai wata malamar makaranta da nata ƙwayoyin suka far wa ƙoda da fata, akwai wani dattijo da nasa suka far wa jijiyoyin jini. Kowa ya yi jugum yana kallon rufi. Tursunoy-opa ba ta iya wannan ba. Ta tambayi kowa garinsu, ta gano dattijon surukin wata ne da ta taɓa yi wa waƙa. Can maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi, fuskarta ta yi ja, ma'aikaciyar jinya ta zo da sauri ta tsayar da ruwan, ta ba ta wani magani, da abin ya lafa ta sake shi a hankali fiye da da. Tana juya baya sai muka ji murya ƙasa-ƙasa: "Mai neman jijiya kamar mai neman allura a tabarma, a gaida 'yata mai farin kaya!" Dattijon ya yi dariya har ledarsa na lilo. Bayan mako biyu muka koma aka yi na biyu.

Sai kuma shiru. Mako ya wuce, wani ya bi shi, hannaye na nan yadda suke. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, ruwan famfo suka ɗura mini. Dama tabarau ɗin yarinyar nan bai kwanta mini ba." Na tuna mata likita ta ce sai an yi haƙuri, maganin kan ɗauki watanni kafin a ga aikinsa. Ta ce haƙurinta ma ƙwayoyin B sun cinye shi.

Yadda muka san maganin ya kama kuwa, Ergash-aka ne ya ji a jikinsa. An daɗe da hana shi garin tabar da yake sawa a ƙarƙashin harshe, saboda hawan jini, ya kuma rantse ya bari. Ashe tun da ciwon matarsa ya yi tsanani ya samu maɓoya. Cikin wata tsohuwar kwalbar zuma mai duhu yake zuba abinsa, ya murɗe murfin tamau, ya ajiye a kan kanta a gaban idonta, don ya san ba ta iya buɗe kwalba. Wata safiya, rani ya fara shigowa, ta tashi tana son zuma a shayi. Ba ta ma yi tunani ba, ta ɗauko kwalbar ta murɗa, murfi ya buɗe.

Ina shanya na ji ihu. "Baban yara! Zo nan! Wannan zumar wane irin fure ƙudanta suka sha?"

Na leƙa. Tana tsaye a bakin ƙofa, kwalba a hagu, murfi a dama. Ergash-aka ya taho daga wajen salwarsa, ya tsaya, ya dubi kwalbar, ya dubi hannunta.

Ya ce, "Uwar yara, wa ya buɗe miki?"

"Wa zai buɗe mini? Kar ka canza magana! Watanni nawa kana..." Sai ta tsaya. Ta dubi murfin da ke hannunta. Ta mayar da shi ta rufe, ta sake buɗewa. Ta sake rufewa, ta sake buɗewa. Ergash-aka ya zauna a bakin dakali yana share ido da hularsa. Ta ce, "Kukan me kake yi? Na hannuna ko na tabarka?" Ya ce shi ma bai sani ba. Ta juye tabar a kwata duk da haka.

Ba a yi wata guda ba ta sauko da bandiri. Tsohon bandirin ya yi mata nauyi, ta sa aka yi mata wani marar nauyi. Yatsun nan biyu da suka karkace ba sa buga ƙananan kaɗe-kaɗen da aka san ta da su, sai ta koyi cike gurbin da tafin hannu da girgiza zobba. Masu kunnen kiɗa sun ce ya canza. Ita ta ce su zo su buga nasu a ji. Bikin farko da ta je, na jikan Kawu Holmat ne, ya tsufa har sai an riƙe shi, amma ya sa aka kawo shi gaba don kar ta manta da shi. Ba ta manta ba.

Gargaɗin likita ne ta manta. Biki a wajenmu ba ya yiwuwa sai an rungumi juna an sumbaci kunci, ita kuwa kowa tata ce. Da sanyi ya shigo ta kwaso mura a wani biki, ta ce ba komai, murar ta sauka ƙirji, sai da aka kwantar da ita a asibiti da ciwon huhu. Mun tsorata ƙwarai. Sojida ta yi ta kuka a baranda. Da ta farfaɗo, Zebo Rahimovna ta kira ta a waya ta wanke ta tas, ina zaune ina ji, Tursunoy-opa na ta cewa "To, 'yata. Na ji, 'yata," kamar ɗalibar da aka kama. Tun daga nan ta kafa doka. A biki kusa da taga take zama, ba ta runguma, hannu a ƙirji kawai. Wadda ta yi tari kusa da ita kuwa sai ta tsinci kanta a cikin waƙa, saboda haka masu mura suka koyi zama a gida.

Sababbin ƙwayoyin nata sukan yi hankali na wani lokaci, wani zubin rabin shekara, wani zubin fiye. In ta fara jin safiya na yi mata nauyi ba ta jira, sai ta leƙo ta ce, "Amarya, 'yan zuga sun dawo, nemo mana mota." Ƙwayar mako-mako ma ba ta daina ba.

Wata sabuwar ɗabi'a kuma ta same ta. Ba ta iya ganin hannun mace ba ta ƙare masa kallo ba. A biki, a kasuwa, a layin gurasa bakin tanderu, sai ka ji ta ce, "Ke, da safe yaya yatsun nan suke tashi?" In amsar ba ta gamshe ta ba sai ta ce a tafi Tashkent, a ce ita ta aiko. Ta tura mai sayar da kankana, ta tura matar liman, ta tura wata baƙuwa da suka haɗu a motar haya. Wasu tsufa ne kawai ke damun su, wata ma zobe ne ya matse ta. Amma matar liman ciwon ne, kuma an kama shi da wuri, yatsanta ko ɗaya bai karkace ba.

Zuwanmu na bayan nan, Zebo Rahimovna ta ce mata, "Opa, don Allah ki rage. Rabin Kokand na zaune a ƙofata, kowa ya ce ke kika turo shi."

Tursunoy-opa tana naɗe hannun riga don a sa mata allura ta ce, "Rabi kawai? To sauran ba su ji magana ba ke nan. Bari in koma."